Filin Kimiyya: Wane Dutse Ne Ya Fi Nisa A Jifa?

A wannan wata za mu duba wani al'amari ne wanda duk yaron da ya taɓa jifan mangwaro ya san shi da hannunsa, amma in aka ce ya faɗi dalili sai ya yi shiru. Ba yara kaɗai ba, manya da yawa ma haka ne.

Ga al'amarin. A tara samari a fili, a ajiye musu abubuwa uku: 'yar tsakuwa kamar ƙwayar dawa, da dutse kamar ƙwan kaza, da kuma dutsen murhu wanda sai an sa hannu biyu kafin a ɗaga. A ce kowa ya zaɓi wanda zai jefa ya fi nisa. Ba wanda zai taɓa dutsen murhu, wannan a fili yake. Amma kuma ba wanda zai ɗauki tsakuwar, ko da yake ita ce ta fi sauƙi a hannu. Kowa matsakaicin zai nufa, har ka ga yana jinjina shi a tafin hannu, ya yar, ya ɗauki wani. To, me hannun yake aunawa? In rashin nauyi ne ke kai jifa nesa, ai da tsakuwa ta ci gasa. In kuwa nauyi ne, da dutsen murhu ya ci.

Abin da ya ƙara rikita zancen shi ne, littafin kimiyya na makarantar sakandare cewa yake yi nauyi ba ruwansa da nisan jifa. Ɗalibi ya haddace wannan, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki. Sannan ya fita waje ya ga ido da ido cewa ba haka abin yake ba. Daga nan sai ya yanke hukunci a ransa cewa ilimin littafi daban, duniya daban. Wannan hukunci shi ya fi damuna, domin yaron da ya kai nan ya daina tambaya ke nan, sai hadda kawai. Alhali kuwa littafin bai yi ƙarya ba, hannun yaron ma bai yi ƙarya ba. Akwai wani ɗan sharaɗi da littafin ke sakawa a farkon darasi, wanda mu malamai muke wucewa da sauri: wato "in an cire iska".

Bari mu fara da duniyar littafin. Da zarar dutse ya bar hannu, hannun ya gama aikinsa. In babu iska, abu ɗaya ne ya rage yana mulkin dutsen, shi ne jan ƙasa. Wannan ja yana ƙara wa duk abin da ke faɗowa gudun kimanin mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan ɗaya, ko abin babba ne ko ƙarami. Wani zai ce yaya za a yi haka, alhali ƙasa ta fi jan abu mai nauyi? Gaskiya ne ta fi jan sa, amma kuma abu mai nauyi ya fi wuyar motsawa, kuma daidai gwargwado. Ka ɗauka mutum ɗaya yana tura amalanke mai buhu biyar, mutum biyu kuma suna tura mai buhu goma. Ƙarfi ya ninka, kaya ma sun ninka, saboda haka kafaɗa da kafaɗa za su tafi.

Mutumin da ya warware wannan shi ne Galileyo, ɗan ƙasar Italiya, a littafinsa na ƙarshe da aka buga a 1638, lokacin yana tsare a gidansa. Kafin shi an shafe kusan shekara dubu biyu ana bin maganar Aristotal na Girka, cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa gwargwadon nauyinsa. Galileyo ya nuna cewa abin da aka jefa tafiya biyu yake yi lokaci guda: yana ci gaba da gudun da aka ba shi, yana kuma faɗowa. Haɗuwar biyun ita ke ba da wannan lanƙwasa mai kama da baka. Ya kuma nuna cewa jifan da ya fi nisa shi ne na digiri 45, wato tsakiyar miƙe da sama sak, kuma jifan digiri 30 da na 60 wuri ɗaya suke sauka.

Lissafin ba shi da wuya. A ninka gudun da kansa, a raba da 9.8. Dutsen da ya bar hannu da gudun mita 20 a sakan zai yi kusan mita 41. In aka ninka gudun ya koma 40, nisan ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, wato mita 163. Duba da kyau, ba inda nauyi ya shigo cikin lissafin. A watan Agusta na 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka mai suna David Scott ya gwada wannan a kan wata, inda babu iska. Ya riƙe guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗayan, ya sake su tare. Tare suka dira, kuma an ɗauki hoton abin.

To, mu dai ba a kan wata muke zaune ba. Iska ba fanko ba ce, tana da nauyi. Akwatin da ke da mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, yana ɗauke da iska mai nauyin kimanin kilo 1.2. Ajin makaranta mai mita 8 da mita 7, tsayin bango mita 3, iskar da ke cikinsa ta kai kilo 200, wato buhun shinkafa huɗu. Duk abin da zai ratsa iska tilas ya ture ta gefe, ita kuma ta tokare shi. Wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota a kan hanyar Kumashi zuwa Tamale ya san wannan tokara. Ya kuma san abubuwa biyu game da ita: in ya buɗe tafin hannu ta fi ƙarfi a kan in ya juya shi ta gefe, kuma in direba ya ƙara wuta sai ta ƙaru ƙwarai. Niyuton na Ingila ya yi lissafinta a 1687. In gudu ya ninka biyu, tokarar ninki huɗu take yi. In ya ninka uku, tara.

Nan ne inda nake so mai karatu ya natsu. Iska ba ta san nauyin abu ba. Abin da take gani shi ne faɗin goshinsa, da siffarsa, da gudunsa. In abubuwa biyu girmansu ɗaya, siffarsu ɗaya, gudunsu ɗaya, to, turi iri ɗaya za ta yi musu. Bambancin shi ne yadda kowanne zai ji turin. Ka ture ɗan akuya da ƙarfin da ka ture bijimi, ka ga wanda zai tangaɗi.

Misalin da na fi so shi ne ƙwallon tebur da ƙwallon golf. Girmansu kusan ɗaya ne: na tebur milimita 40, na golf kusan 43. Amma na tebur giram 2.7 ne kacal, na golf kuwa kusan giram 46, wato ninki 17. In aka jefa su da gudu ɗaya, bisa ƙiyasin lissafi ƙwallon tebur zai rasa rabin gudunsa cikin kamar mita biyar, na golf kuwa sai ya yi kusan mita casa'in kafin ya rasa haka. Saboda haka da gudun mita 20 a sakan, inda littafi ya yi wa kowannensu alkawarin mita 41, na golf zai samu wajen mita 30 ko fiye, na tebur kuwa da kyar ya kai goma. Duk ƙarfin da ka ƙara masa, iska ce ke cinye mafi yawansa tun a 'yan mitocin farko.

Wannan na abubuwan da girmansu ɗaya ne, nauyinsu daban. To, tsakuwa da dutse fa? Ai jikinsu ɗaya, dukansu dutse ne. Me ya sa babban ya fi ƙaramin iya ratsa iska, alhali goshinsa ya fi faɗi, iska ta fi samun wurin turi?

A ɗauki sabulu mai kusurwa huɗu, ɗan dunƙule wanda tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa duk ɗaya ne. Ana so a haɗa wani wanda ya ninka shi biyu ta kowane gefe. Guda nawa za a jera? Biyu a tsawo, biyu a faɗi, biyu a tsayi, takwas ke nan. Amma in ka dubi fuskar babban daga gaba, fuskokin ƙanana huɗu kawai za ka gani, sauran huɗun suna ɓoye a baya. Ma'ana, nauyi ya ninka takwas, amma goshin da iska ke turawa ya ninka huɗu ne kawai. Kowane giram na babban rabin turin da giram na ƙaramin ke sha yake sha. Wannan ƙa'ida ita ce gindin maganar duka, kuma tana aiki a kan kowace siffa. Tsakuwa mai faɗin milimita 4 da dutse mai milimita 40: goshi ya ninka 100, nauyi ya ninka 1,000, saboda haka birkin da iska ke taka wa dutsen ya yi ƙasa da na tsakuwar sau goma. Tsakuwar tana rasa rabin gudunta cikin kamar mita 16. Dutsen sai ya yi mita 160, nisan da hannu ba ya kai shi ma.

Akwai hanya ta biyu ta samun wannan riba ba tare da ƙara girma ba, wato a zaɓi abin da nauyinsa ya fi danƙarewa. In aka cika mudu ɗaya da ruwa, sannan aka auna dutse mai girman mudun, zai ninka ruwan wajen sau biyu da rabi. Baƙin ƙarfe kusan sau takwas, dalma kuwa fiye da sau goma sha ɗaya. Mutanen da sun gano haka tun kafin a yi lissafinsa. Girkawa da Rumawa sukan narka dalma su zuba 'ya'yan majajjawa masu siffar ƙwallon dabino. Wani jagoran sojan Girka mai suna Zenofon, wanda ya ja rundunarsa daga ƙasar Farisa a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa masu majajjawar tsibirin Rodos da ke amfani da dalma jifansu yana ninka na Farisawa nisa, domin su Farisawan duwatsu cikin hannu suke sakawa. Yaran zango da ke neman ƙwayar boris ta keke domin danƙonsu ba su karanta Zenofon ba, amma makarantarsu ɗaya. (Kuma iyaye su lura, abin da ya sa ƙwayar ƙarfe ta fi nisa shi ne ya sa ta fi tsakuwa fasa ido.)

Ya zuwa yanzu duk hujjojin suna goyon bayan babba da mai nauyi. Ina laifin dutsen murhu ke nan? Laifinsa ba a iska yake ba, a hannu yake. Mun ga cewa nisa yana bin gudun da abu ya bar hannu da shi, kuma ninki huɗu yake bi. Hannu ba zai iya ba dutsen murhu gudu ba. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Hannun kansa yana da nauyi, kilo uku zuwa huɗu a jikin babban mutum, kuma duk jifan da za ka yi sai ka wulwula hannun tukuna. Ko ba ka riƙe komai ba akwai iyakar saurin da zai yi. Don haka in ka sauko daga dutsen giram 150 zuwa tsakuwar da ba ta kai giram ɗaya ba, gudun da ka ƙara kaɗan ne, domin dama mafi yawan ƙarfinka a kan hannun yake tafiya. Wani masani a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, Rod Cross, ya auna wannan a 2004. Ya sa an jefa abubuwa masu nauyi daban-daban, ya samu cewa da nauyi ya ninka sau 60, gudun jifa ya ragu ne sau 2.4 kawai.

Ka ga amsar tambayarmu ta fito. Wanda ya ɗauki tsakuwa ya sami ƙarin gudu ɗan kaɗan, ya biya da birkin iska mai yawa. Wanda ya ɗauki dutsen murhu ya tsira daga iska, amma ya rasa gudu. Matsakaicin dutse bai yi wa hannu nauyi ba, kuma iska ba ta raina shi ba. Abin da saurayi ke aunawa in yana jinjina dutse shi ne wannan mahaɗa, kuma ba wuri ɗaya take ga kowa ba: ta yaro ɗan shekara takwas ta fi ta ƙato sauƙi.

Filayen wasanni sun ba mu alƙaluma na gefe biyun da tsakiya. Dunƙulen ƙarfen da maza ke tunkuɗawa a gasar guje-guje da tsalle-tsalle kilo 7.26 ne. Iska ba ta rage masa wani abin kirki, amma gudunsa bai wuce kamar mita 14 a sakan ba, kuma bajintar da Ryan Crouser na Amurka ya kafa a 2023 mita 23.56 ce. A ɗaya gefen akwai ɗan gashin nan da ake bugawa a wasan badminton, mai giram biyar. A 2023 an auna bugun wani ɗan Indiya, Satwiksairaj Rankireddy, ya kai gudun kilomita 565 a awa. Da babu iska, irin wannan gudu zai kai shi kilomita biyu da rabi. Amma tsawon filin wasan mita 13.4 ne, kuma ya ishe su. A tsakiya kuwa ga ƙwallon besbol na Amurkawa, giram 145, daidai nauyin dutsenmu mai girman ƙwai. A 1957 wani ɗan Kanada, Glen Gorbous, ya jefa shi kusan mita 136.

Yanzu mu zo inda maganar ta wuce wasa, wato bindiga.

Har bayan Galileyo da shekara ɗari, littattafan masu igwa a Turai suna lissafi ne kamar iska ba ta da wani tasiri a kan dunƙulen ƙarfe. Wani Baturen Ingila, Benjamin Robins, shi ya rushe wannan a 1742. Ya rataye katako mai nauyi, ya riƙa harbinsa daga nisa daban-daban, yana auna yadda yake lilo, ta haka ya gano gudun harsashi a kowane zango. Sai ya tarar iska tana cin gudun fiye da yadda kowa ya zata. Misalin zamaninmu: harsashin bindigar AK-47, mai nauyin kusan giram 8, yana fita da gudun kimanin mita 715 a sakan. Lissafin littafi zai ba shi kilomita 52. A zahiri iyakarsa wajen kilomita uku. Kuma saboda iska, digiri 45 ya daina zama mafi nisa, sai wajen 30 zuwa 35. Jamusawa sun zagaye wannan matsala a 1918 da wata doguwar igwa da suka riƙa harbin birnin Faris da ita daga nisan kilomita 120. Dabararsu ita ce su ɗaga bakinta digiri 50 ko fiye, harsashin mai fiye da kilo ɗari ya haura kusan kilomita 40 sama, ya yi mafi yawan tafiyarsa inda iska ta yi shara-shara.

Ga mafarauta kuma, wani hafsan sojan Faransa mai suna Journée ya bar wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa game da ƙwayoyin dalma masu zagaye: kowane milimita ɗaya na faɗin ƙwaya yana ba ta iyakar nisa na kamar mita 80. Ƙananan ƙwayoyin harbin zabi da kurciya, masu milimita biyu da rabi, ba sa wuce mita 200. Manyan da ake sa wa gada ko gyado, masu milimita takwas, sun haura mita 600. Bindiga ɗaya, albarushi ɗaya, amma nisan ya ninka uku don kawai an canja girman ƙwaya. Maharbin da ya saba da ƙanana, ran da ya ɗura manya, ya kamata ya san cewa gonar da ke bayan dajin, wadda da ba ya kawo ta a lissafi, yanzu ta shigo.

Abin da ya fi wannan muni shi ne harbi sama a wurin biki ko murnar cin zaɓe. Mutane suna ɗauka harsashin da ya tafi sama ya ɓace. Yana dawowa. Gaskiya ne ba ya dawowa da gudun da ya tafi, domin duk abin da ke faɗowa yana kai wani matsayi inda tokarar iska ta yi daidai da nauyinsa, daga nan gudun ya tsaya cak. Ga manyan ɗigon ruwan sama wannan iyaka kamar mita 9 a sakan ce, shi ya sa ruwa ke faɗowa daga gajimare mai nisa bai ji mana ciwo ba. Amma harsashi dalma ne da tagulla. Gwaje-gwajen sojan Amurka da Julian Hatcher ya kawo a littafinsa na 1947 sun nuna harsashin bindigar soja yana dawowa da gudun kimanin mita 90 a sakan, wato fiye da kilomita 300 a awa, kuma yawanci ka da kafaɗa yake samu. In ma ba sama sak aka harba ba, an ɗan karkata bakin bindigar, to ya fi haɗari, domin yana zuwa da tsininsa gaba, da ragowar gudunsa, a unguwar da ko ƙarar ba ta ji ba. A tsibirin Fotoriko hukumomin lafiya sun ƙirga mutum 19 da irin wannan harsashi ya samu a daren shiga shekarar 2004 kaɗai, ɗaya ya rasu. Ni a ganina ba murnar da ta kai wannan, kuma masu unguwanni suna da hurumin hanawa ba tare da jiran 'yan sanda ba.

Siffa da yanayin iskar ma suna da nasu rabo, amma zan taƙaita. 'Yan ramukan jikin ƙwallon golf ba ado ba ne, suna sa iska ta manne wa ƙwallon har bayansa, sai jan baya ya ragu, ya kusan ninka nisan mai santsi. A 1984 Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mashi mita 104.80, abin ya kusa fin ƙarfin fili, sai a 1986 aka matsar da tsakiyar nauyin mashin santimita 4 gaba don ya riƙa dungurawa da wuri. Bajintar sabon mashin ita ce mita 98.48 ta Jan Zelezny a 1996. A shekara ta 2000 an ƙara girman ƙwallon tebur daga milimita 38 zuwa 40 domin a rage saurin wasan. Kada wannan ya rikita ka da ƙa'idar sabulu: shi cikinsa fanko ne, goshinsa ya ƙaru fiye da nauyinsa. A kan tudu kuma iska ba ta da kauri. Birnin Johannasbag yana sama da teku da mita 1,700 da wani abu, iskarsa ta gaza ta Ankara da wajen kashi 15 cikin 100, don haka ƙwallon ƙafa ya fi riƙe gudunsa a can. Ƙwallon da Sulley Muntari ya ɗirka wa Yurugwai daga nisan fiye da mita 30 a gasar cin kofin duniya ta 2010 a wannan birni aka ci shi. Ban ce iska ce ta ci masa ba, ƙafarsa ce, amma dai iskar ba ta tsaya masa a hanya sosai ba.

Akwai kuma wani juyi da nake so a duba. Duk abin da muka faɗa game da iskar da ke tsaye ne, abu yana ratsa ta. In iskar ce ke tafiya, sai lissafin ya kife: raunin da ya hana ƙaramin abu nisa shi ne zai kai shi nesa. Matan da ke shiƙar gero da wannan suke aiki. Ta ɗaga ƙwarya ta zubo, tsaba mai nauyi ta sauko kusa da ƙafarta, ƙaiƙayi mai faɗi marar nauyi ya bi iska. Ba ta tsinci ko ƙwaya ɗaya da hannu ba, iska ce ta tace mata gwargwadon nauyi da goshi. Haka rimi da tumfafiya suke yi wa 'ya'yansu, su lulluɓe su da audugar da ke ƙara musu faɗi ba ta ƙara nauyi ba.

Babban misali shi ne hazon hunturu da ke rufe mu kowace shekara. Kaso mai yawa nasa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Cadi, wanda ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Cadi ne tun lokacin da tafkin ke da girman gaske. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta share kwarin. Yashi da ƙura take ɗagawa tare, amma ba tare suke tafiya ba. Wani hafsan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi nazarin rairayin hamada ya buga littafi a 1941, ya nuna cewa yashi tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, da wuya ya wuce mita ɗaya sama. Ƙura kuwa wani abu ne daban. Ƙwayar da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, wato ta fi silin gashi siranta wajen sau bakwai, tana saukowa ne da ƙasa da santimita ɗaya a sakan. In iska ta ɗaga ta kilomita ɗaya sama, sai ta yi kwana ɗaya da rabi kafin ta dawo ƙasa. Wadda ta fi ta ƙanƙanta sau biyar kuwa sai ta yi fiye da wata guda, domin a wannan ƙanƙanta in girma ya ragu sau biyar, saurin faɗowa sau 25 yake raguwa. Shi ya sa ƙurar da ke sauka a Tamale ta fi ta Kumashi gautsi da yawa, wadda ke isa bakin teku kuma ta zama kamar hoda. Mafi laushin ba ta tsayawa a nan ma. Wani binciken hukumar NASA ta Amurka da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke barin gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara, kuma kimanin tan miliyan 27 daga ciki a dajin Amazon na Kudancin Amurka yake sauka, bayan ya ƙetare tekun Atilantika gaba ɗaya.